Minti Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Punta Arenas.
Iska na dukan kwanon rufi kamar tana bin mu bashi,
ni kuma, Nibaldo, ina zaune da butar ruwan zafi
gaban akwatuna goma sha biyu masu ƙyafta ido,
kowanne da wayar tarho a bayansa kamar jela.

Na huɗu ya farka.
Ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya ja dogon tsaki,
gaisuwar ƙarfe da ƙarfe
wadda ba ta tambayar gajiya balle iyali.
Daga can gindin taswira kiran ya taso,
Puerto Williams, inda hanya ta ƙare ruwa ya karɓa.

Suna ya fito a allo: Eliana Cárcamo.
Ban taɓa ganin fuskarta ba.
Na san dai nas ce, ba ta kira sai dare ya raba,
kuma takan ɓata harafi na uku in yatsunta sun daskare.

Sunanta ba ya cikin littafinmu.
Yana Valdivia, can arewa mai nisa,
gidan da ya ɗauke ta aiki ya ɓoye sirrinta.
Mu tsaron ƙofa ne namu.
Na'urarmu kan aika tambaya:
ga wata a bakin ƙofa, ta ce taku ce,
ga abin da ta raɗa mana, ku auna.
In Valdivia ta ce e, mun buɗe.
Ba mu san ta ba,
mun dai yarda da wanda ya tsaya mata.

Daren nan amsa ta dawo a bushe: a'a.
Ta sake kira. A'a.
Sau biyar akwatin ya yi kururuwa ya yi shiru.
Sai tarhon teburina ya buga,
muryarta a karon farko, ƙasa-ƙasa,
injin wuta na ruri a bayanta:
akwai mai kamun kaguwa a kwance, igiya ta murƙushe masa hannu,
hoton ƙashin na nan, likita na jira,
me na yi wa ƙofarku?

Ba ta yi komai ba.
Kalmarta daidai take, sunanta bai goge ba.
Na bi sawun tambayar layi-layi, ido na raɗaɗi,
har na tarar da mai laifin zaune a fili:
agogonmu ya yi gaba da minti bakwai.
Tun ɗaukewar wutar Talata yake zumuɗi, ba wanda ya lura.
Valdivia ta ga saƙo daga lokacin da bai zo ba tukuna,
ta ce wannan ba hannun aminina ba ne.

Shekara uku gidajen biyu na riƙe da amana,
minti bakwai suka sa aka daina gane juna.

Na ja agogon baya da yatsa biyu.
Akwatin ya yi tari, ya ja tsakinsa,
tambaya ta haura ta dawo kafin in ajiye kofi:
tamu ce, ku bar ta ta shiga.

Hoton ya kama hanya,
a hankali, tafiyar tururuwa da ƙwayar hatsi,
minti arba'in kafin ƙashin ya isa gaban likita.
Ni ban gan shi ba, ba a ba ni wannan mabuɗin ba.
Koriyar fitila kawai na sa wa ido,
ina roƙon kada iska ta tsinke waya.

Wajen asuba layin ya sauka.
Ba ta bugo ta yi godiya ba,
tana da hannun da za ta ɗaure.
A littafin aiki na rubuta: an gyara agogo.
Ruwan butar ya huce, na sha a haka.
Na tara ya farka, ya fara tarinsa,
wani baƙon, na wani gidan,
yana faɗin sunan wanda ya san shi.